Kyaftin ɗin Mabera

Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato babu wutar lantarki ba zai yi mamaki ba idan ya ji dattijo mai iyali ya fara mafarkin teku. Muna zaune a majalisarmu ta bakin shagon tela a Mabera, kowa na fifita da abin da hannunsa ya samu, sai ɗan yayata ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, diba yadda mutane ka cin duniya." Wani farin jirgin ruwa ne irin na shaƙatawa, iska na tura ƙyallensa, ruwan ƙarƙashinsa garai har ana hango yashi. Wai hayarsa ake yi mako guda, a yi ta zagaya tsibiri. Wayar ta zagaya hannu hannu har ta isa wurin Alhaji mai taya, wanda bai taɓa yarda wani ya fi shi komai ba. Ya kalla, ya gyara hula, ya ce, "Da mi sun ka hi mu?"

Kafin la'asar an kafa kwamiti, an fara zubi. Zanzibar aka zaɓa, domin Liman ya ce yawancin mutanenta Musulmi ne, babu fargabar yanka, kuma ƙasar da ke noman kanumfari ba za ta rasa albarka ba. Ni aka naɗa shugaba, saboda ni kaɗai ke da tarihin ruwa. A 2010, da ambaliya ta karya gadar Kwalkwalawa ta hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na tsallaka a kwalekwale. Na sha ba da labarin a majalisa, kuma kowace shekara ruwan ƙara zurfi yake yi.

Yaron ya samo wani kamfani, wata mata ta riƙa amsa mana ta WhatsApp, shi yana tafinta. Tambayarta ta farko: da matuƙi muke so, ko mu za mu tuƙa da kanmu? Na biyun ya fi sauƙin kuɗi, amma sai an nuna takardar shaidar iya tuƙi da jerin tafiye-tafiyen da mutum ya yi. Alhaji na jin an ambaci sauƙi ya ce, "Ba mu biyan kowa, ga ka nan." Na sa aka rubuta mata labarin Kwalkwalawa. Ta tambayi tsawon jirgin da irin aikin da na yi a cikinsa. Ɗan banzan yaron, ba tare da ya shawarce ni ba, ya rubuta cewa a tsakiya na zauna, ido rufe, ina riƙe da rigar wani ɗalibi.

Sai maganar lokaci. Ashe teku ma tana da tata kalandar. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska daga arewa maso gabas take busowa, suna ce mata kaskazi; daga baya ta juyo daga kudu, ita ce kusi. Tsakanin Maris da Mayu kuwa mamakon ruwan sama ake yi a can, wato daidai lokacin da muke son gudun zafi. Ta ba mu shawarar Yuli ko Agusta. Tela ya ɗago kai daga kan keke ya ce a Agusta ai ruwa da kansa yake zuwa har ƙofar gidansa a Mabera, ba ya biyan ko sisi.

Tambayoyin kwamiti su suka fi wahalar da matar. Liman ya so ya san alƙibla, sai aka ce masa jirgi ko an jefa anga juyawa yake yi da iska da igiyar ruwa, mutum ya kabbarta yana fuskantar Makka ya sallame yana kallon Indiya. Ya ce wannan sai ya duba littattafai. Da aka ce ruwan daɗi a tanki yake, ana tattalinsa, sai ya kwantar mana da hankali cewa ruwan teku yana alwala, amma kowa ya tafi da butarsa. Tela ya tambayi ko firjin zai ɗauki furar mako guda. Alhaji kuwa rago ya riga ya saya, wai ba a yin tafiya irin wannan a kan kifi kawai. Matar ta amsa komai dalla-dalla, amma maganar rago ta tsallake ta kamar ba ta gani ba.

Ranar da farashi ya zo, da dala ya zo, kuma na jirgin ne tsurarsa. Mai daban, abinci daban, kuɗin matuƙi daban, kuɗin tsayawa a tasha daban, ga wani kuɗin ajiya da za su riƙe ko da mun yi karo da dutse. Ba a ma zo kan jirgin sama ba: Sakkwato zuwa Abuja, Abuja zuwa Addis Ababa, sannan Zanzibar. Ga biza, ga katin rigakafin shawara, ga inshorar dala 44 da tsibirin ya wajabta wa kowane baƙo tun Oktoban 2024. Tela ya juya littafin awonsa ya fara mayar da lissafin naira, sifirai suka ci layi suka gangara kan awon wandon wani. Abin da muka tara ya isa inshora da ragon.

Duk da haka babu wanda ya yarda ya fara cewa a fasa. Liman ya ce, "Kahin a kashe kuɗɗi, a gwada jiki." Muka ɗunguma zuwa Kwalkwalawa, muka sami wani tsohon Basarke yana gyaran koma a bakin Rima. Ya dube mu da manyan riguna, ya dubi ragon, wanda Alhaji ya ce dole ya saba da ruwa tun yanzu, ya ce, "Ku shiga da sannu, kowa shi zamna inda ni aje shi."

Ni na ƙi zama. Kyaftin ba ya zama, haka na gani a bidiyo. Na tsaya a goshin kwalekwalen, hannu ɗaya a ƙugu, iska na kaɗa mini malum-malum, masu ban ruwan albasa a fadama suka dakata suna kallo. Muna kaiwa tsakiya ragon ya hango ganye a ɗaya gaɓar. Tsalle ɗaya ya yi. Igiyarsa na ɗaure a hannun Alhaji, Alhaji ya cafki Liman, Liman ya cafki ƙafata.

Na sha ruwan Rima, na yi kalmar shahada da ƙarfi, na yafe wa tela bashin da nake binsa, ina ta bugun ruwa da hannu biyu. Can na ji muryar tsohon a saman kaina, babu ko gaggawa a cikinta: "Alhaji, tashi tsaye." Na tashi. Ruwan a cinya ya tsaya mini. Hulata ta kama hanyar Argungu, tela kuma ya ce yana da shaidu a kan maganar bashin.

Da na shiga gida jiƙe sharkaf, uwargida ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maigida, har kun dawo daga Zanzibar ɗin?" Ashe yaron ya ɗauki komai a waya, ya tura wa dangi, ya kuma tura wa matar kamfanin a matsayin shaidar ƙwarewa. Washegari ta amso cikin ladabi cewa tana ganin mu ɗauki matuƙi, kuma a karon farko ta taɓo maganar rago: ba a shiga da dabba.

Yanzu kwamiti ya karkata zuwa Yawuri. Alhaji ya ce akwai tsibirai a cikin Neja, ana bikin Rigata, mota ce kawai ta Tambuwal da Jega da Koko, babu biza babu dala. An sake zaɓena shugaba ba hamayya, ranar da ban je majalisa ba. Ragon yana ɗaure a gidana yana cin dusata, kuma Alhaji ya hana a yanka shi, wai shi kaɗai ne a cikinmu ya iya iyo.