Madalla da Ƙatuwar Taya

Duk mai cewa alheri ya ƙare a ƙasar nan bai ga Hilux ɗin da ke kwana a layinmu ba. Daga kamfani ta zo da tayoyi masu lamba 265/65R17, tsayin kowace kusan santimita 78, waɗanda injiniyoyin Toyota suka auna daidai da ƙarfin injinta da giyarta da birkinta. To amma me injiniya ya sani game da martaba? Maigidan ya dubi motar, ya ga tsayinta bai kai darajarsa ba. Ya sa aka ɗaga ta sama, aka ɗaura mata tayoyin laka masu inci 35, wato kusan santimita 89, masu zanen haƙora kamar na garma. Yanzu in ya taso, tun daga bakin titi ake jin gurnaninsa. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe!

Babbar falalar wannan taya ita ce kyauta. Ba ta san rowa ba. Tayar asali ba ta kai kilo 20 ba, ita kuwa wannan ta haura kilo 30, ban da ƙaton wilin da aka saya mata. Kuma nauyin taya ba irin na buhun shinkafa a bayan mota ba ne. Buhu tura shi gaba kawai inji yake yi, ita kuwa taya sai ya tura ta kuma ya juya ta. Duk lokacin da danja ta tsayar da maigida a titin gidan Zu, ƙarfin da aka saya da fetur sai ya bi birki ya zama zafi, in an ba da hannu kuma a sake saye daga farko. Kafin ya isa ofis ya yi wannan sadaka sau ashirin, ba tare da ya nemi a gode masa ba.

Ga ta kuma da son zumunci. Taya siririya gaisawa take yi da kwalta ta wuce. Wannan mai faɗin inci 12 da rabi sai ta rungume titi ta ƙi saki. Kowane haƙori na jikinta in ya taka ƙasa sai ya lanƙwashe, ya miƙe, ya ɗauki zafi, kuma daga tanki ake biyan kuɗin wannan motsa jiki. An yi haƙoran ne don su kama taɓo su watsar. Da yake babu taɓo tsakanin Nasarawa da Bompai, sai suka koma waƙa. Gurnanin nan da yara ke fitowa kallo, fetur ne yake rera shi.

Iska ma ba a bar ta a baya ba wajen rabon alheri. Motar da aka ɗaga, tayoyinta suka leƙo waje, ta buɗe wa iska ƙirjinta da cikinta. Ka'idar kuwa ba ta canzawa don kowa: in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninka huɗu take yi. Saboda haka a hanyar Kano zuwa Zariya, inda ƙananan motoci ke ratsa iska cikin ladabi, maigida kokawa yake yi da ita gaba da gaba. Namiji ke nan. Wa zai so a ce ya je Kaduna ya dawo da rabin tanki kamar mai jin tsoro?

Sai maganar horon inji, wadda ita ce ta fi burge ni. Ƙatuwar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, don haka motar ta zama kamar keken da aka tayar a babbar giya a gindin tudu. Wanda ya taɓa tuƙa keke ya san yadda cinya ke ji. Inji yana nishi, sai a ƙara taka totur. Giya mai canza kanta ta rasa inda za ta tsaya, ta hau ta sauka, manta ya yi zafi. Akwai magani, wai a canza haƙoran aksul su dace da sabuwar tayar, amma wannan gyara a ɓoye yake a ƙarƙashin mota, babu mai gani balle ya yaba. Kuɗin da ba za a gani ba, ina amfanin kashe shi?

Kada a manta da kunya da kawaici. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, kuma ba wanda ya gaya masa an sauya ta. Tsakanin santimita 78 da 89 akwai bambancin kashi 14 cikin ɗari. In allura ta nuna 100, motar tana kan 114, maleji ya rufa wa maigida asiri. Ranar da akuya ko ɗan makaranta ya gitta, birkin da aka yi don ƙaramar taya shi zai yi fama da babba, a motar da nauyinta ya koma sama, mai saurin jirkicewa a kwana. Haka ma lissafin tafiya: motar ta yi kilomita 114,000, allo ya ce 100,000. Mai saye na gaba zai tafi gida da farin ciki.

Mu zo kan masu cin arzikin wannan baiwar Allah. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Mutane suka ajiye motoci, ma'aikata suka koma hawa Adaidaita, wasu suka koma sayyada. A irin wannan lokaci ne ake gane masu kishin gidan mai. Mu ƙaddara ƙarin da tayar ke jawowa lita 2 ne kacal a kowane kilomita 100. Mai yin kilomita 20,000 a shekara ya ba da lita 400 ke nan, cikin tankin Hilux mai lita 80 har sau biyar. Shi ya sa yaron gidan mai ke ƙamewa da ya hango shi: "Barka da zuwa, Alhaji, a cika ko?" Bakanike ma yana sa masa albarka, don boris da shokozoba ba sa daɗewa. Su kuwa maƙwabta, rabonsu yana cikin iska. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ka ga lita 400 ta haura kilo 900, kyauta ga jikokin kowa.

Masu hassada za su ce ai tayar tana da wurinta. Za su kawo zancen ƙasar Aisilan, inda kamfanin Arctic Trucks ke ɗaura wa Hilux taya har mai inci 44 don ta bi kan dusar ƙanƙara ba ta nutse ba. Za su ce direbobin Agadas da ke ratsa Tenere zuwa Dirku sun fi kowa sanin daji, amma da sun shiga rairayi iskar taya suke ragewa, kuma kowace lita a ƙirge take, domin a can wanda mansa ya ƙare ransa ne a kan layi. Za su tuna mana cewa Land Cruiser ta aikin daji ta yi shekara da shekaru tana fitowa da siririyar taya mai lamba 7.50R16. To, su waɗannan wahala ce ta sa su. Aiki suke yi da mota. Maigidanmu ya wuce nan: dajinsa shi ne harabar wurin ɗaurin aure, tudunsa kuwa ɗan tudun rage gudu na bakin makaranta.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Tayar maigida ta haɗa duka biyun, ga girin-girin har unguwa ba ta barci, ga mai yana kwarara, sai dai aljihun wani yake shiga. Jiya da safe na ga direbansa durƙushe da buroshi da ruwan omo, yana wanke tsakanin haƙoran tayar ɗaya bayan ɗaya, kada ƙura ta ɓata su. A ƙofar gidan kuma maigadi yana tsaye, yana jiran a fito ya sake tuna maganar albashin watan jiya, wanda bai kai kuɗin cika tankin nan sau ɗaya ba. An ce ya ƙara haƙuri, abubuwa sun yi tsada.

Allah ya ƙara wa taya girma.