Zuwa Ga Taubashina, Daga Garin Masu Shan Ɗaci

Taubashina, bawan gidanmu.

 In ka gama karantawa ka je ka karanta wa Inna, amma ka riƙa tsallake wuraren da na taɓa ka, kada ta ce har yanzu ban yi hankali ba.

Labarai a gurguje: na ci jarrabawar yaren ƙasar nan, an sabunta mini takardar aiki, ciwon haƙorina ma ya lafa.  Hotunan bikin auta sun iso, na kuma ga babbar rigata a jikinka, wadda ka ce aron Juma'a ɗaya ne. Sanyi ya kankama. A nan Tampere ta ƙasar Finlan rana sai goma saura take leƙowa, ƙarfe uku ta tattara nata ya nata. Ka idar da Azahar, kafin ka naɗe darduma La'asar ta yi, kana waiwayawa ga Magariba a bakin ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne in shaida muku na yi babban saye. A gaya wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, ba mota ba ce. Injin tace gahawa na saya.

Riƙe dariyarka tukuna, ba ka san mutanen Finlan ba. Duk ƙasar ba su kai miliyan 6 ba, jihar Kano ta ninka su, amma a shan gahawa suna sahun gaba a duniya. Wajen kilo 10 ake lissafa wa kowane mutum a shekara, kuma har da jarirai a lissafin, ka ga ke nan akwai mai shan rabon jikansa. An yi haihuwa, gahawa. An ɗaura aure, gahawa. An dawo daga maƙabarta, gahawa. Ranar zaɓe ma, mutum ya dangwala sai ya wuce ya sha gahawa, kuma da kuɗin aljihunsa, ba wani ɗan takara da ya ba shi na shayi. A arewacin ƙasar har cuku suke yankawa su jefa a cikin kofin. Wannan kam ban bi su ba, ina da iyaye.

A wurin aiki hutun gahawa a rubuce yake cikin yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago. Mutanen da tun safe ba wanda ya ce wa wani uffan, lokaci na yi za ka ga sun miƙe gaba ɗaya, sun kewaye tebur, kowa da kofinsa. Za ka zaci yanzu hira za ta ɓarke. Ina! Shirun ne dai, sai dai wannan na jam'i ne. Na bincika dalili, aka ce lokacin da suke ƙarƙashin sarautar Suwidin an sha haramta gahawa a ƙarni na 18, mutane na sha a ɓoye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma da kati ake rabonta har 1954. Ni dai fahimtata, ramuwa suke yi, kuma ba su kusa idarwa ba.

Abin da ya tunzura ni, wata dattijuwa ce maƙwabciyata. Na gayyace ta, na haɗa mata shayi irin namu, madara ta ji, sukari ya ji, cokali na iya tsayuwa a ciki. Ta sha cikin ladabi, amma idonta na ta yawo a kicin ɗin. Da za ta tafi ta rage murya ta tambaye ni ko ina cikin matsin kuɗi ne. Ashe gidan da babu injin gahawa, a wurinsu ko dai an yi gobara, ko mai gidan bai gama sauke kaya ba. To, ka san an ce garin da ka je ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

Kada sunan inji ya tsorata ka. Tata ce kawai, irin wadda Inna ke yi wa gasarar koko. Ka zuba ruwan sanyi a tanki ta baya, ya gangara cikin wani bututu mai zafi, ya tafasa ya turo kansa sama, ya riƙa ɗiga a kan garin gahawa da ke cikin wata takarda mai siffar mazurari, ruwan ya tsiyaye cikin butar gilashi. Shi ke nan. Wata matar aure ce a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tauna gari a ƙasan kofi, a 1908 ta huda gindin wata tukunyar tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta. Har yau kamfani na nan da sunanta. Inna kuwa tun kafin a haife mu take tata, ko takardar yabo ba wanda ya ba ta. Wannan wurin ka karanta mata da ƙarfi.

Dattijuwar da kanta ta raka ni kanti, wai kada a cuce ni. Muka tarar da injina jere, bango guda. Ta wuce kai tsaye gaban wani mai suna Moccamaster, ta tsaya tana kallonsa har sai da na yi gyaran murya. A wani gari Amerongen na ƙasar Holan ake harhaɗa shi da hannu, garantinsa shekara 5, kuma a nan Finlan in ka shiga gida goma da wuya ka rasa shi a da yawa daga cikinsu. Na leƙa farashi, ya haura Yuro 200. Ka je Wapa ka tambayi canjin yau ka buga da kanka, amma ka nemi wurin zama tukuna. Na ce mata, “Baba, akwai mutanen da ke jiran saƙona ƙarshen wata, cikinsu har da wani mai riƙe da rigata.”

Nan ta ba ni karatu, ni kuma ga shi na ba ka kyauta. Aikin inji ɗaya ne: ya kai ruwa digiri 92 zuwa 96, ya gama tatar cikin kamar minti 6. In ruwan bai yi zafi sosai ba, gahawar ta fito da tsami salam. In ya yi nawa, ɗacin ya wuce misali. Ni da na ɗauka ɗacin ne manufar! Akwai ma wata cibiya a Oslo ta Norway da ke gwada injinan, wanda ya ci ta manna masa tambari. Mutane ne da iyali, suna tashi da safe su tafi auna zafin ruwan gahawa, ƙarshen wata a biya su albashi. Kai da ka ƙare rayuwarka a teburin mai shayi kana sukar haɗin mutane kyauta, ga inda arzikinka yake.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. A ɗauki mai cin takarda lamba 4, don ita ce a kowane kanti. A duba bakin butar, in hannu ba ya shiga a wanke, a bar musu kayansu. A tambaya ko ana samun butar ita kaɗai in ta fashe, domin gilashi ba ya sallama in zai tafi. A tabbatar ɗigar tana tsayawa in an zare butar, ban da haka kullum kana goge-goge. Akwai mai filas maimakon gilashi, ya fi riƙe ɗanɗano amma ya fi tsada, don gahawar da ta daɗe a kan ƙarfe mai zafi ƙonewa take yi. Tun 2015 ma Tarayyar Turai ta sa doka, mai butar gilashi ya kashe kansa cikin minti 40. Shi ya sa dattijuwar ta hana ni tsofaffin da ke kasuwar gwanjo, ta ce su sai ka dawo daga aiki ka tarar suna nan suna gashi. Mai agogo da mai haɗuwa da waya kuwa, ta ce kuɗin fitilu kawai za ka biya.

Na ɗauko wani baƙi, mara suna a gari, maɓallinsa ɗaya tal, Yuro talatin da 'yan kai. An ce araha ba ta ado, to ni ba ado na zo yi ba, iya kuɗinka iya shagalinka. A jikinsa an rubuta kofi 10, amma kada ka ruɗu, lita ɗaya da kwata ce duka, wato Kawu zai shanye a zama ɗaya ya tambayi ina burodi. Garin ma aunawa ake yi, giram 60 a lita. Lokaci-lokaci kuma a zagaya da ruwan khal a ciki don bututun ya washe.

Ranar Asabar na yi walimar inji. Dattijuwar ta zo da mijinta da wani burodinsu mai zaƙi. Na zuba, suka ce a'a kada in wahalar da kaina. Na sake tayi, suka ce sun sha a gida. A na uku suka miƙo kofi. Ashe tsofaffinsu ma sun iya kara! Mijin, wanda tun zuwana gidan nan kai kawai yake gyaɗa mini a matakala, ya kurɓa, ya yi shiru mai tsawo, ya ce ba laifi. Matar ta ce mini a bakinsa wannan kirari ne. Ya sha na biyu, har ya tambaye ni ko da gaske ƙanƙara ba ta rufe hanya a garinmu. Ban gaya musu na jefa 'yar citta da kanumfari a cikin garin ba, kai ma kada ka faɗa.

Ni har yanzu ban iya sha ba sai da sukari cokali huɗu, kuma sai na juya baya. Amma da asuba, in ina shirin fita cikin duhun nan, injin kan yi ta gurnani yana tari, kuma a duk ginin shi kaɗai ke fara yi mini magana. Ina amsa masa da Hausa, ya fara ganewa. Wani lokacin in na dubi lambobin da ke jikin tankin nakan raba: biyu na Kawu, ɗaya na Gwaggo, ɗaya naka da za ka ce bai yi ba ka nemi ƙari. Sai in zuba ruwan kofi biyu in kunna.

Kada ka soma cewa in aiko maka da irinsa. Wat 1,000 yake ja, ɗan janareton nan naka zai yi salati ya mutu. Ka tsaya a kan butarka da gawayi.

Akwai mai tahowa bayan Sallah, Gwaggo ta san gidansu. A ba shi citta, kanumfari, masoro da yaji mai yawa, nawa sun kusa ƙarewa. Maganar kuɗin shara kuma, nisa bai soke ta ba, za mu yi lissafi. Ka gaida Inna da Kawu da duk 'yan majalisa, ka ce musu su riƙa turo saƙon murya ko ba su da abin faɗa, dogo ya fi. Rigar kuma ka riƙe, na bar maka, amma ka kai ta wanki.

Naka,
Ubangidanka na Tampere.