Wasiƙa Zuwa ga Taurari Biyar

Daga Malam Madori, bayan tsohuwar tashar jirgi.

Zuwa ga Masu Martaba Taurari Biyar, mazauna ƙarƙashin sunan kowane gem a waya.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa irin ta talaka ga sarakuna, ina fatan kuna nan kuna ƙyalli yadda kuka saba. Ni dai jiya ban runtsa ba, kuma ku ne sanadi.

Tun la'asar na kai wayata wurin mai caji, don rabonmu da wuta har ƙwan ɗakina ya yi yanar gizo. Na sayi datar naira dubu biyu, kuɗin da uwargida ta san na cefane ne. Mun yi alkawari da abokai uku, biyu a Hadejia ɗaya a Kano, cewa bayan isha'i za mu haɗu a wani gem na yaƙi. Da aka zo zaɓen saba (server), sai na duba jerin da ake jera su daga gwani zuwa rago. Ta kan gaba tana ɗauke da ku, ku biyar cif, da shaidu bila adadin. Wannan ya ce ba ta taɓa sanƙarewa ba. Wancan ya ce ta canza masa rayuwa. Saba fa, ba aikin Hajji ba!

Na shiga. Sojana ya dira a fili, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya cak kamar zalɓe a fadama yana dakon kifi. Ina danna gudu, shi yana tunani. Kafin ya farfaɗo an harbe shi, an kwashe masa jaka har da takalmi. Sau huɗu ana haka. A na biyar ta cikin bango aka kashe ni, kuma wanda ya kashe ni ya tsaya yana rawa a kan gawata.

Ina cikin wannan takaici sai ga saƙo ya toshe fuskar wayar: ka ba mu taurari biyar, ka karɓi zinare 500, gobe war haka ka dawo ka sake.

To, a nan na gane ku. Ashe ku 'yan kore ne! Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Hadejia ya san aikin. Mai maganin basir ya baje kaya, sai wani ya ratso taro yana rantsuwa cewa shekara bakwai yana fama, kwalba ɗaya ta raba shi da ciwon. Jama'a su yi ta saye. Da magariba ka gan su su biyu a teburin mai shayi suna rabon kuɗi. Shi ma ɗan koren ya fi ku mutunci, don yana da fuska, wata rana za ka iya tare shi a Gujungu ka ci kwalarsa. Naku shaidun na koma na karanta su da tsakar dare: mutum arba'in, jimla ɗaya, rana ɗaya, sunayensu kamar lambar mota. Ko maroƙi sai ya san sunan kakanka kafin ya wasa ka. Waɗannan ko ƙofar gem ɗin ba su leƙa ba.

Masu gaskiyar cikinsu ma ba mu suke wa shaida ba. Mutum yana zaune a Jamus, sabar tana bayan gidansa, dole ya ce tana gudu. Ni kuwa harsashina sai ya bi Gumel, ya kwana a Kano, ya haye teku kafin ya iske abokin gaba ya riga ya tashi.

Kada ku ce ƙauyanci ne ya sa nake zarginku. A 2020 'yan Indiya suka yi wa TikTok taron dangi har ta faɗo kusa da tauraro ɗaya, sai Google ya share miliyoyin sharhin, kuka koma kujerunku kamar ba a yi ba. A shekarar nan dai 'yan makaranta a ƙasar Sin suka yi wa manhajar DingTalk ruwan tauraro ɗai-ɗai, laifinta kawai ta cikinta ake ba su aikin gida. Wato ana sayenku don a ɗaga, ana haɗa baki da ku don a kayar. Har Amurka sai da ta haramta cinikin sharhin bogi a 2024, da tarar da za ta iya haura dala dubu 50 kan kowane laifi. Sau ɗaya na ga masu sharhi sun yi abin kai, lokacin da gem ɗin ƙwallo na eFootball ya fito a 2021 da fuskokin 'yan wasa kamar an zana su a cikin mota tana gudu. Duniya ta yi masa ca a kasuwar gem ta Steam har kamfanin Konami mai gem ɗin ya nemi afuwa.

Kakana da Gamzaki yake sanin asuba ta yi, da Kaza da 'Ya'yanta yake lissafin damina. Bai taɓa jin an ba Zara toshiya ba. Ku wa ya naɗa ku, har kuka ari sunan?

Na rubuta nawa sharhin, tauraro ɗaya, da bayani dalla-dalla. Da safe na neme shi, ya nutse kamar gonar shinkafa a ambaliyar 2022.

Sauran ƙorafin, na tallan da ba ya rufuwa da batirin da ya yi zafi kamar kaskon tuya, na bar ku da Allah.

Naku, wanda kuka ci wa data.

Af, na manta. Kafin in rubuta wancan sharhin, da wayar uwargida na danna muku biyar ɗin, don ina son wata bindiga. Har yanzu zinaren bai shigo ba. A duba mini, don Allah.