Jiƙonmu da Maganar Maƙoƙo

Mu mutanen Affala, kome ya taɓa jiki, butar shayi muke fara nema. Kai ya yi nauyi, a dafa citta da kanumfari. Ciki ya murɗa, a jiƙa sabara. Da azumi kuwa, geza, wadda 'yan Abijan suka dawo suna kira kinkeliba, ba gidan da ba ta tafasa. Samari na fada suna kan zagaye na uku na shayi tun hantsi, tsofaffi na cewa zogale ya fi allura. Ni ma ina sha, ina kuma jin daɗinsa: yana sa zufa, yana buɗe ciki, yana tara mutane wuri guda.

Inda nake jan birki shi ne wuyan da ya kumbura. Za ka ji ana cewa, "Inna, ki dage da jiƙon nan, zai saɓe." Inna ta dage shekara biyu, ta ɗaure wuya da kallabi, maƙoƙo na nan yana ƙaruwa. A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka da ke sarrafa ƙarfin jiki, abincinta sinadarin aidin. In ta rasa shi sai ta kumbura don neman abin da babu. Ƙasarmu ta Adar nesa take da teku, ba ta da wadatar wannan sinadari, ganyen da ya tsiro a kanta ma haka. Geron da muke damawa safe da yamma, likitoci sun gano a Darfur ta Sudan cewa yana iya ƙara matsalar in aidin ya yi ƙaranci. Ba wanda zai raba Ba'adare da hura, kuma ba a ce a raba ba.

Gishiri ne maganar. Tun 1994 hukumomin WHO da UNICEF suka nemi a riƙa zuba aidin a gishirin girki. Babba na bukatar mikrogiram 150 a rana, mai ciki 250, don ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta da shi take ginuwa. Amma mu fa? Muna sayen gishiri a tiya, wanda ya wuni buɗe a rana a kasuwar Tawa, mu zo mu aje shi gefen murhu a kwano marar murfi. Zafi da laima na cinye aidin ɗin. Wasu ma kantun Bilma na dabbobi suke ɓantara su jefa a miya, wai ya fi ɗanɗano. Haba Yaya, ki nemi na leda mai alamar aidin, ki rufe shi!

Kuma ba duk ciwon wannan tsoka ne ƙarancin aidin ba. Wata sai rama da bugun zuciya da fitowar ido; wata sai sanyi da kasala da bushewar fata. Awon jini ne ke rarrabe su, shi ya sa likitan gari ke turawa babban asibitin Tawa, wasu su wuce na Galmi. Wadda aka ɗora wa ƙwayar levothyroxine, ta haɗiye ta da ruwa zalla da asuba, ta jira kamar awa guda kafin shayi ko koko, don suna rage shigarta jini. In za ta koma awo, ta faɗa wa likita sunan kowane ganye da take jiƙawa a gida.