Ƙwallon da ke Tsoron Ƙasa

Ni mutum ne da ba ya son ganin abu ya daki abu. Na daɗe ina kiran wannan hali nawa ƙwarewa, har ina yi wa yaran da nake koya wa aiki huɗuba a kansa, amma tsakani da Allah tsoro ne kawai. Sana'ata haɗa katun ɗin talla a kwamfuta, irin masu tsawo da faɗi da kauri waɗanda ake iya juyawa ta kowace fuska. Da manhajar Blender nake aiki, saboda kyauta ce. Tun 2002 aka sake ta ga kowa, bayan masoyanta sun yi karo-karon Yuro 100,000 sun fanshe ta. Mai laftof irin tawa, wadda ke fara huci da zarar an buɗe abu biyu, ba ya tsayawa tambayar dalilin kyauta.

Aikin ba shi da wuyar bayani. A kowace daƙiƙa ɗaya ta fim akwai hoto 24, firem muke ce musu, kuma ba kai za ka tsara su duka ba. Za ka ajiye abu a nan a firem na 1, ka danna I, ka kafa abin da muke kira kifirem. Sai ka matsa firem na 24, ka kai abin can, ka sake kafa wani. Tsakanin biyun, kwamfuta ce ke cikewa, kuma duk rigimar tana cikin yadda za ta cike. In ka ce ta raba tafiyar daidai wa daida, abin zai zabura da cikakken gudu tun daga firem na farko, ya kuma ƙame nan take in ya isa. In kuwa ka ce ta sassauta, sai ya tashi a hankali, ya ƙara wuta a tsakiya, ya rage gudu yayin da ya kusa. A allon giraf, inda ake ganin motsi ya zama layi, na farko miƙaƙƙen layi ne. Na biyu lanƙwasa ce mai santsi, da 'yan hannaye biyu a jikin kowane kifirem, waɗanda kake ja da maus ka ƙara laushi ko ka rage.

Lanƙwasar nan sunan wani injiniyan kamfanin Renault na Faransa take ɗauke da shi, Pierre Bézier, wanda ya yi amfani da ita wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Bawan Allahn nan bai san ni ba, bai kuma yi mini komai ba, amma ranar da na gano ana iya jan hannayen nan, ranar na shiga uku. Tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun jera ƙa'idoji 12 na motsin katun a littafinsu na 1981, kuma tashi a hankali da tsayawa a hankali ɗaya ce kawai daga ciki. Ni sai na haddace wannan ɗayar na bar 11 ga masu lokaci.

Wadda ta fara tona mini asiri 'yar ƙanwata ce, yarinyar da ko firamare ba ta gama ba. Duk mai koyon aikin nan da ƙwallo mai tsalle yake farawa, ni kuma na daɗe da wuce nan a ganina, na dai sake yi ne don in nuna wa ɗalibai. Na zauna na goge lanƙwasar nan tas, babu kusurwa ko ɗaya, sama santsi, ƙasa santsi. Yarinyar ta leƙo ta bayan kafaɗata, ta kalla sau biyu, ta ce, "Kawu, me ya sa ƙwallon nan take tsoron ƙasa?" Na ce wane irin tsoro kuma? Ta ce, "Ai in ta zo kusa sai ta taka birki." Na buɗe baki zan yi mata bayanin Disney, sai na sake kallo. Ƙwallon tana saukowa da gudu, tana gab da ƙasa sai ta yi ladabi, ta ɗan taɓa, ta nemi izini, ta koma sama. Na ba yarinyar kuɗin alawa na ce ta je waje ta yi wasa.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Za ka zaɓi kifirem ɗin da ƙwallo ke taɓa ƙasa, ka danna V, ka mayar da hannayensa bekta, sai lanƙwasar ta karye ta yi tsini a wurin. Shi ke nan. Na san da wannan tuntuni. Abin da ya hana ni, tsinin nan ne ba na son gani a allona. Yana yi mini kama da kuskure.

Daga nan sai tallan fanka. Wani Alhaji mai shagon kayan wuta ya ba ni aikin nuna sabuwar fankarsa mai aiki da sola. Na kafa kifirem biyu, daga digiri 0 zuwa 360, na ce wa manhaja ta yi ta maimaitawa. Blender kuwa, in ba ka hana ta ba, da lanƙwasar Bézier take cike kowane tsakani, ni kuma ba a taɓa jin na hana ta ba. Sai fanka ta juya sau ɗaya, ta ja numfashi, ta sake juyawa, ta ja numfashi. Ni da na saba da santsi ban ga komai ba, har daɗi nake ji. Na kai wa Alhaji a shagonsa, yaransa suka taru a kan wayata. Ya kalla shiru, ya gyara hula, ya ce, "Malam, ni sola nake sayarwa don mutane su huta da matsalar wuta. Kai kuma ka yi mini fim ɗin fanka a daren da wuta ta yi ƙasa." Yaran suka juya baya suna gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara. Na ce, "Ranka ya daɗe, salo ne." Ya ce a cire salon. Danna T ɗaya ne, ka zaɓi miƙaƙƙen layi, fanka ta kama gudu babu tsayawa. Ashe akwai abin da Allah Ya yi shi don ya yi motsin inji, wato inji.

Maballin T ɗin nan ma wani tarko ne. In ka danna shi, ban da layukan asali, akwai jerin salon sassauci da aka ɗauko daga lissafin da Robert Penner ya fitar wa masu aiki da manhajar Flash a farkon shekarun 2000. A ƙarshen jerin akwai uku masu ɗaukar ido: ɗaya yana wuce wurin tsayawa ya dawo, ɗaya yana tsalle-tsalle kafin ya zauna, ɗaya kuma yana karkarwa irin ta roba. Na yi wani zamani da babu abin da zai fito daga hannuna bai yi karkarwar nan ba. Tambarin kamfani, lambar waya, farashin buhu, duk rawa suke. Har aka ba ni sanarwar wani taron lacca mai nauyi, na sa sunan babban baƙo mai jawabi, da duk muƙamansa da digirorinsa, ya shigo allo yana kaɗa jiki. Sakataren taron ya kira ni da dare, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Don Allah ɗan'uwa, ka tsayar mana da Farfesa wuri ɗaya."

Wanda na fi jin kunyarsa ba wanda ya kama ni a kansa. Blender tana zuwa da hannayen da ke da linzami, waɗanda ba sa barin lanƙwasa ta zarce inda ka kafa kifirem. Ni sai na cire linzamin, na koma marasa shi, don sun fi ba da layi mai kyan gani. Sakamakon haka, wani ɗan katun da na sa yana tafiya, duk takun da zai yi sai ƙafarsa ta nutse cikin siminti har idon sawu, sannan ta fito. Na ga abin. Na san maganinsa. Amma maganin zai ɓata mini kyan lanƙwasa. Sai na ƙera bokiti, na ajiye shi a gaban kyamara daidai inda ƙafar ke nutsewa. Da ya yi gaba, ƙafar ta sake nutsewa, na ƙara tukunyar fulawa. Kafin ɗan katun nan ya ƙetare tsakar gida, na cika gidan da tarkace. Mai aikin har yaba mini ya yi, wai na iya ƙawata wuri, ni kuma na karɓi yabon da hannu biyu.

Turmi ne ya karya ni. Wata Hajiya mai sayar da yaji a roba ta ce tana son a nuna mace tana daka, don a san nata na gida ne. Na yi kwana da kwanaki a kan taɓaryar nan. Da na tura mata, ba ta rubuto ba, murya ta aiko: "Sannu da ƙoƙari, Malam. Amma matar nan daka take yi ko lallashin turmin take? A haka ko shekara za ta yi, barkonon nan ba zai san an zo ba."

Washegari na roƙi uwargida ta ɗan daka mini gero in ɗauka da waya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau kuma daka ne ya zama abin kallo? Shekara nawa kana cin tuwo?" Ta dai yi. Na sa bidiyon a kwamfuta ina bi firem bayan firem, abin da ban taɓa yi wa wani abu mai rai ba duk tsawon zamana a sana'ar. Taɓarya tana tashi da ƙarfi, sai ta fara rage gudu, a can sama ta kusa tsayawa cak, har ka danna gaba sau biyu ko uku ba ka ga ta gusa ba. Wannan wurin nawa ne, nan sassauci yake da gaskiya. Amma da ta juyo, kowane firem tazararsa ta fi ta wanda ya gabace shi, kuma tazara mafi girma ita ce ta ƙarshe, gab da duka, har hoton taɓaryar ya dushe don gudu. Firem na gaba, tana cikin turmi, a tsaye ƙyam. Babu rage gudu ko na anini. Abin da Galileo ya auna ke nan shekaru 400 da suka wuce: abin da ke faɗuwa, in ya ci taku 1 a lokaci na farko, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. A rabin daƙiƙa, wato firem 12, ya sauko fiye da mita ɗaya. Ita kuwa taɓarya ba faɗuwa kawai take ba, da ƙarfin damtse ake kawo ta.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne firem ɗin da suka biyo bayan dukan. Taɓarya ta tsaya, amma geron ya yi tsalle ya zubo, kafaɗunta sun ɗan ƙara sauka, bakin ɗankwalinta ya zo daga baya ya kaɗa ya kwanta, turmin kansa ya ɗan girgiza. Laushin da nake ta nema yana nan birjik, amma a jikin abubuwan da dukan ya taɓa. Ni kuma na kwashe shi na zuba wa dukan kansa. Na koma na karya lanƙwasar a wurin saukar taɓarya, hannuna har rawa yake, na bar tsinin nan a allo yana harara ta. Hajiya ta aiko da murya ta biyu: "Yauwa! Yanzu har atishawa na ji tana zo mini."

Da a ce a kwamfuta abin ya tsaya, da da sauƙi. Alhajin fanka ya biya rabin kuɗin aiki, ya ce sauran sai an ga yadda kasuwa ta yi. Da na ga shiru ya yi yawa, na shirya, na sa kaya masu kyau, na tafi da niyyar in faɗi magana ɗaya tak. Na yi sallama. Na tambayi gida, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na tambayi jikin Baba. Muka taɓa zancen zafi, muka taɓa tsadar mai. Maganar ta fara ɗaukar gudu, na ji ta iso maƙogwaro, na ce, "Dama, ranka ya daɗe, batun ɗan abin nan ne..." Ya ɗago ido. Sai na ji bakina yana cewa, "...amma ba na gaggawa ba ne." Aka kawo mini lemo mai sanyi. Na fito daga shagon da alkawarin zan yi masa tallan batir, kuɗi kuma sai an haɗa da na baya.

A hanyar dawowa cikin adaidaita na tuna yawan mutanen da na ce wa "bari in duba" alhali na riga na san amsar a'a ce, da yawan waɗanda suka ce mini "sai mun yi waya" ni ma na san ba za a yi ba, muka rabu kowa na murmushi. Ba na zargin kowa. Kara abu ne mai kyau, gaisuwa kuma ba ta taɓa ɓata magana ba, taɓarya ma sai ta ɗan dakata a sama. Illa dai ita tana saukowa.

Tallan batir na gama shi, babu abin da ke rawa a ciki, na kuma tura tun watan jiya. Alhaji, na san yaranka suna karanta mujallar nan, su karanta maka: a turo mini ragowar kuɗin fanka, da na batir gaba ɗaya, kafin Juma'a. Lambar asusun tana nan a wayarka. Ina gaida iyali.