Na Sayi Gida a Samaru, An Ba Ni Ɗalibi Gyara

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Zariya, abokai kan ce masa ya yi sa'a, zai zauna a garin ilimi. Ba su yi ƙarya ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Barewa, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga zaurukan karatu na cikin birni. Ko akuya ta kwana a garin nan sai ta tashi da ɗan abin da ta haddace. Abin da ba su gaya min ba shi ne, ilimin nan har cikin kuɗin gida ake lissafa shi.

A daminar 2021 na taso daga Funtuwa da iyalina da 'yan kuɗin da na tara, na faɗa hannun wani dillali da ake yi wa laƙabi da Farfesa. Bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma ya tsufa yana shan shayi a bakin babbar ƙofarta, a Samaru kuwa wannan ma digiri ne. Duk gidan da ya nuna min, magana ɗaya ce: "Alhaji, kusa da jami'a ne." Hayin Dogo, kusa da jami'a. Palladan, kusa da jami'a. Ran nan muka yi ta tafiya a babur har muka kai Shika. Na ce, "Farfesa, ai mun kama hanyar komawa Funtuwa." Ya ce, "Haba Alhaji, ga asibitin koyarwa can. Shi ma ai jami'a ne." Da muka juyo Sabon Gari sai ya tuna min cewa reshen Kongo na nan kurkusa. A lissafin Farfesa dai, babu gidan da ya yi nisa da jami'a sai wanda wani dillalin ke sayarwa.

A Sabon Gari na ga gidan da ya kwanta min. Unguwar ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, lokacin da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna a wajen ganuwa, shi ya sa tsofaffin gidajenta ke da ɗakuna a jere, kowa da ƙofarsa. Aka ce min gidan gado ne, magada huɗu, duk sun yarda. Ranar biyan kuɗi na tarar da takalma a ƙofar zaure kamar na masallacin Juma'a. Wata dattijuwa ta ce ba a fitar da tumuninta na takaba ba. Wani ya ce rijiyar da ke tsakar gida shi ya haƙa ta da guminsa, ba ta cikin gado, sai dai in saye ta daban ko ya zo ya ɗauke abarsa. Ana cikin haka aka miƙo min waya, wai babban wansu ne daga Legas yake so ya ji wane ne ya ba ni izinin zama a kan tabarmar ubansa. Na ce bari in kama ruwa. Har yau ban koma ba.

Daga ƙarshe Allah ya yanke min wahala a Samaru. Mai gidan tsohon malami ne da ya yi ritaya, zai koma garinsu. Takardu cif, mai unguwa ya shaida, Farfesa ya soke la'adarsa a aljihu. Rijiya kuwa cike take, da hannu ma kana iya ɗiba, a watan Agusta. Da aka miƙo min makullai sai na ga ɗaki ɗaya ba shi da mabuɗi. Malamin ya ce, "Af, akwai wani yaro a ciki. Digirin digirgir yake yi a fannin noma, wata uku ya rage masa. Ka yi haƙuri da shi, don Allah." Yaron ya fito ya gaishe ni. Furfurarsa ta fi tawa.

Mutumin kirki ne, ba ya hayaniya. A bayan gida yana da ɗan fili da ya shuka masara, kowace kunya da sanda a kafe, kowace sanda da lamba. Samaru gidan binciken noma ce tun 1922, daga nan irin masarar da ake kira SAMMAZ ke fitowa, saboda haka a nan ba kowace masara ce ta ci ba. Uwargida ba ta san wannan ba. Ta ga masara ta nuna a gidan mijinta, ta karyo ta gasa wa yara, ta aika wa maƙwabta, har ta zuba goyo uku a faranti ta kai wa mai ita.

Ya dubi farantin, ya leƙa bayan gida, ya dawo ya zauna a dandamalin rijiya. Can ya ce, "Hajiya, kin gasa babi na huɗu."

Ta ce, "Wane babi? Ci mana, Malam, tun da zafinta."

Sai da ya share hawaye sannan ya ci. Ya kuma ce ta yi zaƙi, zai rubuta hakan.

Dole a jira wata daminar a sake gwaji. Kafin ta zo, malaman jami'a suka tafi yajin aikin 2022, daga Fabrairu har Oktoba. A watan Maris rijiyar ta ƙafe ƙarƙaf, 'yan garuwa suka san sunayen 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa Dakta, don haka muke kiransa tun yanzu, yana nan daram. Yana koya wa yara lissafi kyauta, ya kewaye masararsa da waya, uwargida kuma ta fara zancen ƙanwarta da aurenta ya mutu. In na tambaye shi saura yaushe, sai ya ce, "Wata uku, Alhaji, in Allah ya yarda."

Saboda haka mai niyyar sayen gida a Zariya, ka je ka leƙa rijiyar a watan Maris, ka ƙirga magada da idonka, ka kai takarda hukumar filaye ta KADGIS a duba maka. Kafin ka biya ko sisi, ka sa a buɗe maka kowane ɗaki, ka kuma tambayi wanda ka tarar a ciki ko a babi na nawa yake.