Jama'ar da Ke Taruwa Idan Ka Sauke Inji

A Dutsin-Ma ba sai ka nemi sanƙira ba idan kana son tara jama'a. Ka ɗaga bonet ɗin tsohuwar Golf mai shan gas a ƙofar gida, ka shimfiɗa buhu, ka jera sifanu, ka ce da hannunka za ka yi mata ringi. Kafin ka kwance noti na uku unguwa ta hallara. Aikin dai sananne ne: a sauke inji, a ɗage kan silinda, a zaro fistin huɗu, a sa sabon ringi da mital da gaskit, a mayar da kowa mazauninsa. Mutanen da ke biyo aikin su ne ba wanda ke yi maka gargaɗi a kansu.

Mai buɗe fage shi ne Da-Ka-Sayar. Ba ya ko sauka daga babur. Zai leƙo, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, da ka rabu da ita ka huta." Sai ya rage murya: "A yadda take ɗin nan, nawa za ka bari?"

Bayansa sai Mai Neman Fulogi. Zai daɗe a sunkuye, ya ɗago ya tambaye ka ina ka kai fulogan. Ka yi masa bayani cewa injin gas ba shi da fulogi, iska ake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta, waɗannan da yake gani kuwa hita ne na safiyar hunturu. Zai gyaɗa kai ya ce, "To, ai shi ya sa ba ta tashi."

Akwai ɗan makwabta mai karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Da farar shadda yake zuwa, don haka baƙin mai bai san hannunsa ba. Ya san Bajamushe Rudolf Diesel ne ya ƙera injin gas, ya san a 1897 ya fara aiki sosai. Zai kara maka waya a fuska ka kalli wani Bature a YouTube yana haɗa irin injinka a garejin da ya fi ɗakin amarya tsafta, alhali kai ƙurar hunturu ce ke maka yayyafi cikin silinda. Daidai lokacin da Baturen zai nuna makin tamin, data ta ƙare.

Amma sarkin taron shi ne Baba Direba. Ya yi zamaninsa a Peugeot 504 haɗin Kaduna, yana jigila daga Katsina ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma, kuma a ganinsa tun daga ita ba a sake yin mota ba, gwangwanaye kawai ake ta shigo da su. Da hantsi yake isowa, ya zaɓi bencin da ya fi inuwa, ya aiki yaronka shayi da kuɗinka. Ba ya tambayar abin da ke damun motar. Zai dangwali baƙin mai da yatsa, ya murza, ya shinshina, ya lumshe ido, ya yanke hukunci: "Nozul ne." Ka nuna masa ringin da ya karye gida biyu, ya ce, "Ɗan nan, me ya karya shi? Nozul." Ka nuna masa gaskit da ya ƙone, ya ce ai gadon nozul ne.

Ranar da ka aro sifanar awo don ɗaure notukan kan silinda bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, yadda kamfanin motar ya tsara, Baba sai da ya yi dariya har da tari. Shi a hannunsa awon yake. "Ka ja har ka ji ya ce ƙiƙ, sannan ka ƙara mashi kaɗan don Allah." Daga nan sai labari: yadda lagireto ya huje masa cikin dare bayan Kurfi ya toshe shi da garin rogo, yadda ya taɓa kawo fasinja har tasha da igiyar wando a madadin fambel. Kowace rana dajin yana ƙara nisa, fasinjojin suna ƙara yawa. Ga shi ba ya faɗuwa. In mota ta tashi, "Ba na faɗa maka ba?" In ta ƙi, "Ba na faɗa maka ba?" Duk da haka, ranar da bai zo ba sai ka ji aikin ya yi maka shiru, har ka aika a dubo ko lafiya.

Dillalin kaya yana da yaro a Ƙofar Ruwa ta Kano. Kowane ƙarfe kashi uku ne a wurinsa: orijina, ɗan Beljiyam, ɗan Chaina. Na farkon za ka biya, Allah kaɗai ya san wanda zai zo. Yaran unguwa kuwa ba ruwansu da kashi, duk abin da ke gangarawa tayar motar langa-langa ce. Uwargida tambaya ɗaya take aikowa daga cikin gida, safe da yamma: yaushe za a dawo mata da bahon wankinta da aka jiƙa ƙarafa a ciki? Mai injin niƙa na bakin kasuwa shi kaɗai ya san gas da gaske. Zai tsaya minti biyu, ya ce, "Ka fidda iska daga layin mai kafin ka kashe batir," ya wuce. Ba wanda ya saurare shi, don bai ɗaga murya ba.

Duk waɗannan na yafe masu. Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Shisshigi. Wannan ba baki yake sa wa ba, hannu yake sa wa. Ka jera marufan mital kowanne da lambarsa da fuskar da yake kallo, ka tafi sallar La'asar, ka dawo ka tarar ya tattara su cikin kwano ɗaya, wai ya gyara maka wuri. Ka saita maki, ka cire bel ɗin tamin, ya zo ya juya inji da sifana, wai yana so ya ji ko ya yi laushi. Injin gas ba ya wasa a nan. Tazarar da ke tsakanin fistin da bawul ƙanƙanuwa ce, in tamin ya goce sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe, kuɗin cefanen wata ya bi ruwa. Ka yi magana ya ce, "Daga taimako?" Wane taimako? Wa ya roƙe ka? Mutumin da ba zai taɓa tukunyar matar wani ba, me ya ba shi izinin taɓa injin wani? In ya yi ɓarna kuma, ba a sake ganinsa sai ranar da mota ta tashi, ya zo neman a rage masa hanya.

Saura mutum biyu. Ɗaya bakaniken gari ne, mai wucewa kullum da murmushi ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Ba ya gaggawa, ya san inda labarin ke ƙarewa. Ɗayan kuma shi ne mai motar kansa, wanda ya ce aikin Asabar da Lahadi ne, ga shi an girbe gero, an girbe dawa, mota tana kan duwatsu, kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Yana yawo da noti biyu a aljihu da suka yi saura, yana gaya wa mutane kamfani ne ya sa su don ado. Ba zan ambaci sunansa ba, amma ƙasan faratansa baƙi ne, har alƙalamin da ya rubuta wannan ya shafa.

Don haka, jama'a, in kun ga bawan Allah a ƙarƙashin mota, ku yi masa sannu, ku ba shi shawara in ta ƙi haɗiyuwa, ku sha shayinsa ma. Hannu dai a bar shi cikin aljihu.